Kafin a Zargi Mitar Ruwa, a Duba Bututun da Aka Ɗora Ta

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan rigimar kuɗin ruwa da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen haya na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi. Duk lokacin da takardar kuɗi ta zo, 'yan haya su ce mita ta yi ƙarya, mai gida kuma ya rantse cewa wani ne yake ɓarnar ruwa. Aikin famfo ne sana'ata, kuma abin da nake gani shi ne, sau da yawa mitar lafiyarta ƙalau, yanayin da ruwa yake iso mata ne yake sa ta faɗin abin da ba haka yake ba.

Yawancin mitocin gidajenmu suna da 'yar farfela a ciki, ruwa yana tura ta tana juyawa, lambobi suna hawa. A masana'anta ana gwada mita ne a kan bututun da ya cika maƙil, ruwa yana tafiya a miƙe ba tangarɗa. A irin wannan hali, ƙa'idar duniya ta ISO 4064 ta yarda wa mitar gida kuskuren kashi 2 cikin 100 idan ruwa yana gudu sosai, da kashi 5 idan yana tafiya a hankali. To, gida nawa ne a unguwanninmu ruwa yake zuwa haka?

Babbar matsalar ita ce iska. Ruwan Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake fitowa, kuma duk ranar da aka ɗauke shi a wata unguwa, bututu yakan tsiyaye, iska ta cika shi. Idan aka dawo da ruwan, sai ya koro iskar a gaba, ita kuwa ba ta da mafita sai ta famfon da ta tarar a buɗe. Wanda yake shakka ya tsuguna gaban mitarsa lokacin da famfo yake huci yana tari, zai ga ɗan tauraron nan na fuskar mita yana juyawa kamar zai tashi sama, alhali ko ɗigo bai sauka a bokiti ba. Farfela ba ta bambance iska da ruwa. Gidajen da suke kan tudu da na ƙarshen layi su suka fi shan wannan wahala, kuma al'adar nan ta barin famfo a buɗe duk dare ana jiran ruwa tana mayar da gidan mutum wurin da iskar layin take fita, a kan kuɗinsa.

Sai dai adalci ya sa in ce kuskuren ba gefe ɗaya yake faɗawa ba. Tankin roba da yake bisa gidaje da yawa yana da ƙwallon da yake rufe ruwa sannu a hankali idan tanki ya kusa cika, har ya koma tsiyaya. Mitar rabin inci da aka rubuta wa Q3 2.5 da R100, wato alamun yawan ruwan da aka ƙera ta ta iya aunawa, ba ta da tabbacin awo ƙasa da lita 25 a awa, don haka ruwa yakan sulale ta cikinta ba a ƙirga shi duka ba, asarar ta koma kan kamfanin ruwa.

Akwai kuma laifinmu mu masu ɗaura mita. Gwiwar bututu da bawul ɗin da aka buɗe rabi suna karkatar da ruwa gefe guda, gwiwa biyu a jere kuma suna sa shi murɗawa, sai ya bugi farfela ba yadda aka tsara ba. Shi ya sa ake son a bar miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau 10 kafin mita, da sau 5 bayanta, sai fa idan an rubuta U0 da D0 a jikinta, alamar cewa ba ta buƙatar hakan. A bututun inci 4, wannan ya kai tsawon kamar inci 40 kafinta da inci 20 bayanta. Ƙananan mitocin gida suna ɗan jure wannan, amma manyan da ake sa wa makarantu da masallatai da masu ɗura ruwan leda ba sa jurewa, kuma a nan ne kuɗin yake da yawa. Na sha ganin mita mai alamar H, wadda a kwance ya kamata ta zauna, an tsayar da ita jikin bango don a rage wuri. Yashi da yake toshe rariyarta da injin da ake jonawa kai tsaye yana zuƙo ruwa daga layi, su ma suna ɓata awo.

Roƙona ga Kamfanin Ruwa na Gana da hukumar PURC mai karɓar koken jama'a shi ne, idan aka kai ƙara, kada a tsaya ga cire mita a kai ta ɗakin gwaji, domin a can za ta sami ruwa mai kyau ta ci jarrabawa, a dawo da ita kan matsalarta. A zo a duba yadda aka ɗaura ta, a kuma sa bawul ɗin fitar da iska a wuraren da layi ya hau tudu.

Masu gidaje kuwa, ranar da ruwa yake da ƙarfi, su rufe duk famfuna da na tanki, su rubuta lambar mita a gaban 'yan haya, su cika jarka mai lita 20 da aka tabbatar da awonta sau 5. Idan mita ta nuna tsakanin lita 98 da 102, to a nemi matsalar a wajen iska ko yoyo.

Wassalam.

Naku,
Wani mai aikin famfo,
Aboabo, Kumasi.