A adana tsofaffin allunan jami'o'in da aka sauya wa suna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin jami'o'inmu a kan abin da ke samun tsofaffin allunan suna duk lokacin da gwamnati ta sauya wa wata jami'a suna.

Misali mafi kusa shi ne na Jami'ar Northwest da ke Kano, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a 2012, ta fara karatu a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa. Bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, a watan Yulin 2017, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa wa jami'ar sunansa domin karramawa, daga baya kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar mata da sunanta na asali. Yanzu tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano, wadda aka ɗaukaka ta zama jami'a, ita ke ɗauke da sunan marigayin. Wato dai akwai ɗaliban da suka yi karatu a haraba ɗaya, a gaban malamai ɗaya, amma sunayen da ke kan takardun shaidarsu sun bambanta, kuma sunan da ke kan takardar wasunsu a yau ya fi kama da na wata makaranta dabam. Wanda zai kai irin wannan takarda neman aiki a Legas, ko neman gurbin karatu a ƙasar waje, shi ne zai sha wahalar bayani.

Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba. Jami'ar Sakkwato ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta Jihar Katsina ta koma ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta Kimiyya da Fasaha da ke Wudil ta karɓi sunan Aliko Ɗangote a 2022, amma har gobe mutane da yawa KUST suke ce mata, wato taƙaitaccen tsohon sunanta na Turanci.

Ban ce a bar tsohon suna a bakin ƙofa ko a mahaɗar titi ba. Allon da aka kafa don nuna hanya wajibi ne ya dace da sunan da ke kan takardar JAMB, in ba haka ba baƙon ɗalibi da mahaifinsa za su yi ta yawo a Adaidaita Sahu suna tambaya. Abin da ke damuna shi ne yadda aka saba shafe tsohon allo da fenti, ko a tumɓuke shi a jingine a bayan sito har ya yi tsatsa, daga nan ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Harsashin ginin da aka rubuta sunan farko da ranar buɗewa a jikinsa, da tambarin da aka zana a bangon ɗakin taro, shaidu ne na tarihin makarantar, kuma bai kamata sauyin gwamnati ya shafe su ba.

Saboda haka ina kira ga majalisun gudanarwa na waɗannan jami'o'i da su tattara allunan da aka sauke, a rubuta shekarar da aka kafa kowanne da shekarar da aka cire shi, a ware musu wuri a ɗakin karatu na jami'ar. Haka kuma a kafa allo guda na dindindin a babbar ƙofa mai ɗauke da dukkan sunayen da makarantar ta taɓa amsawa tare da shekarunsu, sannan ofishin magatakarda ya riƙa buga wannan bayani a ƙasan kowace takardar sakamako da zai aika wa wata hukuma. Kuɗin da wannan aiki zai ci bai kai na bikin sauya suna guda ɗaya ba.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Kano