Shekara shida ina gadin coci a Bur Sudan, kunya ta hana ni neman ƙarin albashi

Assalamu alaikum Malam, ina yini, ya iyali ya ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ina sauraron shirinka ta waya duk ranar da netwok ya yarda, yau dai na ce bari nima in kawo tawa, amma dan Allah a sakaya sunana don wurin da nake aiki ƙarami ne kowa ya san kowa.

Ni Bahaushen Sudan ne, a Gadarif aka haife ni, kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar hajji ya yada zango a nan yana noman dawa da riɗi don ya tara guzuri, guzurin da bai taru ba kenan har ya haifi babanmu. Ni kuma na gangaro Bur Sudan, wato Port Sudan, ina dako a tashar jiragen ruwa har bayana ya samu matsala, likita ya ce in daina ɗaukar nauyi. A 2019 wani maƙwabcinmu ɗan Nuba ya yi min hanya na samu aikin gafir, wato mai gadi, a wani coci, mu nan kanisa muke cewa. Ni musulmi ne Malam, kuma wlh tunda na shiga wurin ba wanda ya taɓa ce min ga addininmu zo ka shiga, ina shimfiɗa dardumata a bakin ƙofa in yi sallata, ranar Juma'a ma limamin nasu, Abuna muke ce masa, shi ke ce min tashi ka tafi masallaci zan kula da ƙofar. Na faɗi wannan ne tun farko don kar masu sauraro su ɗauka maganar addini na kawo, a'a maganar abinci ce.

Sanda aka ɗauke ni abin da aka ce min shi ne buɗe ƙofa da rufewa da kwana a wurin. Toh amma ka san yadda aiki yake, yau a ce ɗan taimaka ka share farfajiya, gobe a ce goge bencina tunda matar da ke yi ta tafi, ita ma Juba ta koma wajen danginta kamar yadda 'yan Kudu da yawa suka yi ta komawa tun rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, kuma ba a ɗauki wata ba. A hankali shara ta zama tawa, wankin banɗaki nawa, tada janareto da zuba masa mai, jera kujeru in ana biki ko an yi mutuwa, haɗa lasifika, ban ruwan 'yan shuke-shuke, har aike kasuwa. Garin nan kuma iska ce da ƙura da gishirin teku, ka goge benci da safe kafin la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

Duk wannan da sauƙi kafin yaƙi. Tunda aka fara ranar 15 ga Afrilu 2023 mutanen Khartum suka yi ta kwararowa, gwamnati ma kanta nan ta dawo, farfajiyar cocin ta cika da 'yan gudun hijira, mata da yara da tsofaffi, kirista da musulmi duka, wasu a ajin yara wasu ƙarƙashin tamfol. Banɗaki biyu ne a wurin Malam, biyu kacal, kuma ni ke wanke su. Ruwa a Bur Sudan dama can sayensa ake, ni ke bin masu tanka da masu amalanken jaki ina ciniki, da dam ɗin Arba'at da ke ba garin ruwa ya fashe a watan Agusta 2024 kuwa ba a magana, sai in fita tun asuba neman ruwa in dawo rana ta take, ga zafin garin nan da in damina ta yi a Gadarif mu nan wuta ake. Da dare ba barci, wannan ɗanta ba lafiya a buɗe mata ƙofa, wancan ya dawo ƙarfe ɗaya yana buga get, waɗancan suna faɗa kan wurin cajin waya ni ne alƙali. Yanzu wasu sun koma tunda soja suka karɓe Madani da Khartum amma har yau akwai saura.

Toh ga albashin. Kafin yaƙi ana ba ni jinai, wato fam ɗin Sudan, 35,000 a wata, lokacin dala tana wajen 600, ba yawa amma da ɗan abin da matata ke samu a sayar da shayi muna rufa wa kanmu asiri. A 2024 aka mai da shi 70,000 ba tare da na roƙa ba, aka kira ni aka faɗa min ana murmushi an ninka maka, nima na yi godiya. Sai dai a 2024 ɗin dala ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage, ka ga in ka lissafa ninkin nan ragi ne, abin da nake karɓa yanzu bai kai abin da nake karɓa da ba, aikin kuma ya ninka uku. Kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, ake turo min, in ina son tsaba a hannu sai mai shago ya yanki nasa. Kafin sha biyu ga wata ya ƙare. Yara huɗu gare ni, ga ƙanwata da ta gudo daga Madani a Disamba 2023 da nata uku mijinta har yau ba labari, ga tsohuwarmu a Gadarif da ke jiran in turo na magani. Nama sai dai mu ji ƙamshinsa wajen masu agashe, ful da adas, dangin wake, ne safe da dare, wani lokacin karin kumallon ma sai a haɗe shi da na rana. Littafin bashina a shagon unguwa ya kai shafi na uku, yanzu in zan wuce ta gabansa sai in yi kamar ina waya.

Za ka ce to me ya hana ka magana. Malam ɗaki ne. Akwai wani ɗaki da rumfa a bayan cocin da Abuna ya ba ni kyauta, kuma da ƙanwata ta zo ban ma gama yi masa bayani ba ya ce su shigo, ya sa aka ƙara mana tamfol da katifa biyu. Haya a Bur Sudan tun zuwan mutanen Khartum ta zama abin tsoro, albashina gaba ɗaya ba zai kama min ɗaki ɗaya ba. Sanda ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi mai tsanani shi ya ɗauke mu a motarsa cikin dare ya biya kuɗin allurai daga aljihunsa. Mutumin da ya yi maka haka ta ina za ka fara ce masa kuɗin da kuke ba ni ya yi kaɗan? Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinsa da maganar a bakina, in ya ɗago ya ce lafiya dai, sai in ce lafiya lau man janareto ne ya kusa ƙarewa.

Kuma ni ke ɗaukar akwatin baikonsu in kai ofis ranar Lahadi da yamma, na san nauyinsa, mutanen da ke zuwa yawancinsu talakawa ne irina, masu wanki da leburori da 'yan gudun hijira. Ba zan yi musu ƙarya in ce suna da kuɗi sun hana ni ba.

Amma fa akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma shi ya sa na rubuto. Watannin baya an sa sola a rufin cocin da batura manya, na ji daɗi don na huta da janareto, sai dai na san ba kyauta ake ba da su a kasuwa ba. Sannan wata ƙungiyar agaji da ke rabon abinci a farfajiyar ta ɗauki wani yaro yana rubuta sunaye, awa huɗu yake yi a rana, da bakinsa ya faɗa min abin da ake ba shi, ya ninka nawa fiye da sau uku, ni kuma ni ke sauke buhunan da bayan nan nawa mai ciwo, ni ke tsare su da dare, ni ke share wurin in an watse, ko sisi ba a taɓa ce min ga naka ba. Na san kuɗin ƙungiya daban na coci daban, an faɗa min, amma zuciya ba ta san wannan lissafin ba. Ran nan na kama kaina ina yi wa wata tsohuwa tsawa don ta zubar da ruwa, abin da ba halina ba, na koma ɗaki na rasa abin da ke min daɗi.

Ba ni da wanda zan yi shawara da shi a nan. In na kai kuka wajen 'yan uwana Hausawa amsar ɗaya ce, dama wa ya aike ka aikin kanisa, ka bari Allah zai ba ka wani, alhali ba wanda ya ce zo ga ɗaki. Matata kuma ta ce kunyar nan tawa ita za ta kashe mu, wai in ban iya ba ita za ta je ta samu matar ma'ajin kwamitinsu, na ce ta rufa min asiri. Wani ɗan uwanmu da ya yi boko ya ce akwai dokar aiki ta 1997, awa takwas ne aikin yini abin da ya haura sai an biya, in je ofishin ƙwadago. Ni ko takardar ɗaukar aiki ba ni da ita, da baki aka yi komai, kuma ko da ina da ita ban ga ranar da zan kai ƙarar mutanen da suka ba ƙanwata wurin kwana ba. Akwai kuma ɗan baffana mai tukubar agashe a kasuwa ya ce in zo mu haɗa, abin da zan samu zai fi wannan, amma ranar da na ajiye makulli ranar zan fitar da mutum tara titi. Gaba kura baya sayaki kenan.

Shi ne nake so ka ba ni shawara Malam. Abuna zan samu mu biyu ko kwamitin, tunda su ke riƙe da kuɗi amma ma'ajin mutum ne mai tsauri ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, kuma ina tsoron in na tsallake Abuna ya ji ba daɗi, in na same shi kuma ya zama na ɗora masa nauyi ya koma ba ni daga aljihunsa, ni kuma ba sadaka nake nema ba haƙƙin aikina nake so. In faɗi adadi ne ko in bar su su yanka? A raina 150,000 nake so amma ina jin nauyin furta shi, kar a ce ɗan gadi ya ninka wa kansa albashi. Na kuma yi tunanin ko in ce su bar albashin yadda yake su yi wa ƙungiyar nan magana ta riƙa biyana na sauke kaya da gadinsu, ko a sake ni daga azahar zuwa magariba in je wajen ɗan baffana, ko a ɗauki mai shara. Kuma maganar tayin da ɗan baffan nawa ya yi min, in ambata ko zai zama kamar barazana? Wasu sun ce in sa a rubuta min takarda da Larabci in lissafa ayyukan da nake yi, ni kuma gani nake takarda tsakanina da mutumin da muke shan shayi tare kullum kamar ta yi tsauri.

Kwamitin nasu zai zauna farkon wata mai zuwa kafin su shiga hidimar Kirsimeti, in ta wuce kuma ba mai saurarona sai bayan sabuwar shekara. Dan Allah in da hali a karanta tawa kafin lokacin, in wuta ta ɗauke ban ji ba ƙanwata za ta nemo min a Facebook. Na gode, a gaida ma'aikata.

Ɗanka mai gadi, daga Bur Sudan.