Masu sakin albam kyauta, ku riƙe sunanku a jikin waƙa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana da matasan mawaƙan Bauchi da ke sakin albam kyauta kan halin da mai neman na kansa yake ciki: ɗan dako a kasuwar Muda Lawal, mai keke napep da ke lissafin balas tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tela a Wunti da ke zaman jiran wuta. Waƙar sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, mahauta na da kalangunsu, manoma na da gangarsu. Bambancin kawai, makaɗin da yana tsaye a gaban jama'a kowa ya san shi, na yau kuwa waƙarsa kan karaɗe gari ba a san mai ita ba.

Ga inda ɓarakar take. Waƙar da aka tura ta WhatsApp takan sauka a waya da suna AUD da dogon jerin lambobi. Masu turin waƙa a kasuwa su zuba ta a memori, wani ya raɗa mata sunan da ya ga dama, shi ke nan. Saboda haka kafin fayil ya bar sutudiyo a cike bayanan da ke jikinsa: sunan mawaƙi, sunan waƙa, sunan albam, shekara da hoton bango. A tura shi ta WhatsApp a matsayin dokumen, don kada sunansa ya canja. Sannan mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin waƙar, a tsakiyar baiti, don na farko da na ƙarshe yanke su ake yi.

Sai nauyin fayil. Waƙar minti 4 a MP3 mai 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti) ba ta wuce MB 4 ba, albam mai waƙa 10 kusan MB 40 ke nan. A 320 zai doshi MB 100, kuma wanda aka yi waƙar dominsa ba zai ƙona datarsa a kai ba. A fitar da iri biyu, mara nauyi na waya, mai nauyi na manhajar sauraron waƙa ta Audiomack. Asalin WAV ɗin, wato fayil ɗin sutudiyo da ba a matse ba, mai cin kusan MB 10 a kowane minti, mawaƙi ya karɓi kwafinsa a filashi ranar da aka gama aiki. Kwamfutar sutudiyo ma mutuwa take yi.

Wajen ɗauka, a bar taƙi guda tsakanin baki da makirfo, a kashe fanka ko da zafin Afrilu ne, a nisanta janareta ko a ɗauki murya da batir. Fitilar sauti ta taɓa ja, murya ta fashe, da wuya gyara ya dawo da ita. In an haɗa murya da kiɗa, a saurara a ƙaramar waya mai madannai da sifikar keke. Waɗannan ba sa fitar da ƙasan kiɗa, wato amo mai kauri, kuma idan kalmomin ba su fito ba an yi aikin baban giwa, don waƙar wahala saƙonta ake bi.

Abin da ya fi jawo rigima shi ne kiɗa. Wanda ake saukewa daga YouTube da sunan kyauta yawanci da sharaɗin ba za a ci kuɗi da shi ba, ran da waƙar ta fara kawo wani abu mai shi zai iya sa a sauke ta. Shi ma mai kiɗan unguwa a rubuta da shi, ko da amini ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da miƙa haƙƙi da fatar baki ba, sai a rubuce, kuma raba waƙa kyauta bai cire ta daga hannun mai ita ba. Takarda ɗaya ta isa: wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, kason kowa in kamfani ko ɗan siyasa ya nemi waƙar, sa hannun mutum biyu da shaida ɗaya.

Wassalam.

Wasu masu aikin sutudiyo,
Bauchi.