Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni: me inspekta zai nema a gidan da aka gina don Allah?

Assalamu alaikum Alhaji, ina gaisuwa, ya iyali ya kasuwa ya kuma zafin Yamai. Allah ya ƙara buɗi.

Ranar da muka yi hira a rediyo kan gidajen marayu da gidajen da ake aje tsofaffi da masu taɓin hankali, ka kira waya ka ce min, Hajiya mutum ya ɗebi dukiyarsa ya gina gida don Allah yana ciyar da marayu da gajiyayyu, gwamnati ba ta ba shi ko dala, sai kuma ki ce a turo masa inspekta yana buɗe masa tukunya yana leƙa masa ɗakuna, wannan ba kashe ma mutane gwiwa ba ne, kuma ba kwaikwayon nasara ba ne? Lokaci ya ƙare kafin in ba ka amsa, tambayar kuwa mutane da yawa sun ji ta, shi ya sa na ga gara in amsa ta a fili.

Wallahi Alhaji ban raina abin da kake yi ba, kuma ban ce masu irin gidajen nan mugaye ba ne. Na yi aikin infirmiya har na yi retret, na shiga gidaje irin naka ina duba yara, mafi yawan masu su mutanen kirki ne da suka ga yaro a titi zuciyarsu ta kasa daurewa. Amma ka duba wa ke kwana a ciki. Yaro ɗan shekara biyar da ba uwa ba uba, tsohuwar da hankalinta ya fara gushewa ba ta ma tuna ko ta ci abinci, saurayi mai farfaɗiya, waɗannan in an cuce su wa za su kai ma ƙara? Mai sayayya a kasuwar Katako in ka ba shi kaya marar kyau gobe sai ya koma rumfar maƙwabcinka, su kuwa ba su da inda za su. Kai kuma da ka gina gidan ba ka nan ƙarfe biyun dare, kana gidanka, abin da aka faɗa maka da safe shi ka sani.

Ga abin da idona ya gani a wani gida da ba zan faɗi sunansa ba. Ɗakin kwanan yara ƙofa guda, an ja ta an sa kwaɗo ta waje da dare wai don kada su fita yawo, tagogi duk da ƙarafa saboda ɓarayi, makullin yana aljihun gardi, gardin kuma yana can bakin titi wajen masu shayi. Butel ɗin gaz a lungun da za a bi a fita, wayoyin kuran an ƙulla su da leda, in wuta ta ɗauke sai kyandir a kan taga kusa da sange. Mai gidan mutum ne mai tsoron Allah, duk shekara sai ya ɗinka ma yaran kayan salla, amma bai taɓa zuwa da dare ba kuma ba wanda ya taɓa ce masa wannan kwaɗon zai iya kashe yaran nan gaba ɗaya. Mu ƴan Yamai ba sai an ba mu labarin wuta ba. A watan Afrilu na 2021 ajujuwan zana suka kama a unguwar Peyiba yara wajen 20 suka rasu, a Nuwamba na shekarar kuma aka sake a Maraɗi aka rasa yara sama da 20, sai bayan nan aka hana sa ƙananan yara a ajin zana. Wancan fa da rana tsaka ne, malamai na nan mutane na ido biyu. To ina ga ɗakin da aka kulle, yara na barci?

Wajen tsofaffi kuma abin ba ya ihu, a hankali yake ci. Tsohon da ba ya iya tashi ana so a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige sai ta mutu ta zama gyambo, kuma baƙo da ya zo kawo sadaka ba zai gani ba don an lulluɓe shi da zane mai tsabta, sai wanda ya san aikin ya ɗaga zanen ya juya shi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar mu, a zafin Afrilu da Mayu lokacin da muke kaiwa digiri 45 in ba a bi shi da kofin ruwa ba sai ya bushe ya rikice, a ce ai tsufa ne. Maganin farfaɗiya in an yi ta tsallake kwana ciwon sai ya dawo da ƙarfi, to wa ke rubuta an ba shi ko ba a ba shi ba, ina kayen? Kwalin magani in ka zazzage shi sai ka samu wanda lokacinsa ya wuce tun bara haɗe da sabo. Yaro kuma akwai ɗan ma'aunin nan mai launi da muke ɗaura ma damtse, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani sai asibiti, alhali yaron yana tsaye cikin layi yana rera maka waƙar maraba. Aikin inspekta ke nan Alhaji, ba ƙirga buhunan shinkafarka ba. Sai abin da ya fi duka nauyi a baki, babban da ke taɓa yarinya ko yaro da dare. Wannan ba ya fita sai an zauna da yaron shi kaɗai, ba mai gida ba tanti mai kula da yaran a wurin, kuma mace ce za ta zauna da ƴan mata.

Batun kwaikwayon nasara, su ma ba don wayo suka fara ba, gawa ce ta koya musu. A Faransa a farkon 2022 wani ɗan jarida ya tona yadda wani babban kamfani mai suna Orpea ke tsuke abinci da kayan tsabtar tsofaffi alhali iyalai na biyan kuɗi masu yawa, sai gwamnati ta ce za a bi gidajen tsofaffin ƙasar duka, kusan 7,500, a bincika cikin shekara biyu. A Ingila suna da hukumar bincike ta CQC tun 2009, amma a 2011 sai da BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kamara wani gida, Winterbourne View, aka ga ana dukan masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma wani ma'aikacin jinya ya riga ya kai ƙara hukumar ba a saurare shi ba. In ka ce waɗannan nasara ne to mu dawo gida Afirka. A 2016 a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu an kwashe masu taɓin hankali daga asibitocin Life Esidimeni aka raba su ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, da yawansu ba su da sahihiyar takardar izini, mutum 144 suka mutu, wasu da yunwa wasu da ƙishirwa. Ga Kaduna nan kusa, a Satumba 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya.

Kuma ni ban yarda bincike baƙon abu ne a wurinmu ba. A suratun Nisa'i aya ta 6 an ce ma mai riƙon maraya in zai miƙa masa dukiyarsa ya kafa shaidu, alhali shi ne amintaccen da aka ba riƙon. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin abinci a kasuwa ya cusa hannu ciki ya ji danshi a ƙasa, bai tsaya ga abin da aka nuna a sama ba. In dukiyar maraya sai da shaida, jikinsa da barcinsa fa?

Inda na ba ka gaskiya shi ne irin binciken da ka sani. A aiko maka takarda mako guda kafin a zo, a share gida a sa ma yara sabbin kaya a yanka akuya, su zauna ofis su duba takardu su sa hannu, a ƙarshe a jira ka ba da na esansi. Wannan kam kashe gwiwa ne kuma ba ya tsirar da kowa, har ma yana ba mugu takardar da zai ɓuya bayanta. Abin da nake nema daban ne. Kowane gida ya zama hukuma ta san da shi da sunan duk wanda ke kwana ciki da yadda aka yi ya zo, ga yara kuma alƙalin yara ya sani. Masu zuwa su haɗa da ma'aikacin lafiya da na kare yara da ɗan pompiye, su zo ba sanarwa, wani lokaci da dare, gwamnati ta zuba musu mai ta biya su kada su sha ko ruwan mai gida. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan yaran da ba sa hannun iyayensu ma sun ce a riƙa ziyara iri biyu, ta sanarwa da ta ba-zata. In sun ga gyara su rubuta su ba ka lokaci su dawo su gani, rufe gida ya zama na ƙarshe don in an rufe yaran ina za su, sai dai in an samu duka ko lalata, nan kam ba jira. A kuma tambayi tantin da ke riƙe da yaran yaushe rabonta da albashi da hutu, don na ga mace ɗaya da ɗaki biyu cike da yara dare da rana, wadda ta gaji haka komai kirkinta wata rana hannunta zai yi nauyi. Ita ma a ba ta lambar da za ta kira ta faɗi abin da ta gani ba tare da an kore ta ba.

Na san za a ce gidan tsofaffi ai ba al'adarmu ba ce, ni ma na fi son tsoho ya ƙare kwanansa cikin jikokinsa. Amma ƴaƴa sun tafi bida, rashin tsaro ya tarwatsa garuruwa a Tilaberi da Difa, ga tsofaffi nan a bakin masallatai ba kowa nasu, gidajen za su ƙaru ko muna so ko ba mu so, gara a sa ƙa'ida tun suna kaɗan.

Roƙona gare ka Alhaji, kada ka jira inspekta. Cikin makon nan ka tashi tsakar dare ba tare da ka faɗa ma kowa ba ka je gidan naka, ka duba ƙofar ɗakin kwana ta ina aka rufe ta kuma makulli na hannun wa, ka fidda gaz daga hanya, ka je barikin pompiye ka roƙe su su zo su duba maka wayoyi da tulun kashe gobara. In ka amince ni ma zan zo da ma'aunina in auna yaran in duba kwalin magani, ba na son ko tamma, ƴan rediyon suna da lambata.

Wassalam, ƴar'uwarka tsohuwar infirmiya, daga Yamai.