A bar 'yan matanmu su nemi gurbi a NDA

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu don in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekara 22 ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Kaduna, ba nisa da barikin sojin sama. Da safe ƙananan jiragen da ake koyon tuƙi da su kan yi ta kewaya samanmu, har ƙararsu ta zame mana jiki. Ɗaliba ɗaya ce ba ta taɓa sabawa ba. Duk sanda jirgi ya wuce sai ta ajiye biro ta bi shi da ido ta taga. Ranar da nake koya musu lissafin kusurwa, na ce da irinsa matuƙi yake gano yadda zai karkata hancin jirgi idan iska na tura shi gefe, don kada ya nufi Kano ya tsinci kansa a Katsina. Bayan an tashi ta biyo ni har bakin ofis, ta ce, "Malama, a ƙara mini irin wannan." Na ba ta guda goma, washegari ta kawo su duka daidai.

Da ta gama sakandare da sakamako mai kyau ta ce NDA take so, wato makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna. Mahaifinta ya rasu, maganar tana hannun baffanta. Ni da kaina na je gidan. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ya saurare ni har na kai aya. Sannan ya ce, "Malama, mun gode da ɗawainiya. Amma ki faɗa mini tsakani da Allah, wa zai auri soja?" Yarinyar tana bayan labule tana ji. Fom ɗin da ba a cike ba ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a garin nan namu aka yi rainon ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Tolulope Arotile a Kaduna aka haife ta a 1995, ko da yake iyayenta mutanen Ijumu ne ta Jihar Kogi. Firamare da sakandare duk a makarantun sojin sama na Kaduna ta yi. Ta shiga NDA a watan Satumba na 2012, kuma digirin da ta yi a can na lissafi ne, darasin da ake ce wa 'yan matanmu ba nasu ba ne. Shekara 5 tana shan fareti da gudun asuba da jarrabawa kafin ta fito hafsa a 2017. Daga nan aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, ta kuma je Italiya ta ƙware a kan jirgin yaƙi samfurin Agusta 109. Ranar 15 ga Oktoba, 2019 aka maƙala mata fiffiken matuƙa, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ke tuƙa irin wannan jirgi a fagen fama. A wannan rana ce kuma aka maƙala wa Kafayat Sanni nata, wadda ta yi horonta a Amurka ta zama mace ta farko a Nijeriya mai tuƙa jirgin yaƙi mai fiffike, ba mai saukar ungulu ba.

To ina aka tura Tolulope aiki? Dazukan Jihar Neja, a ƙarƙashin shirin da sojoji suka raɗa wa suna da Hausa, Gama Aiki. Wato ƙauyukan da ɓarayin daji suka hana noma, inda ake kwashe mata da shanu, su ta yi ta shawagi a kansu tana da shekara 24. Allah Ya yi mata rasuwa ranar 14 ga Yuli, 2020, ba a fagen daga ba, mota ce ta buge ta a cikin barikin Kaduna. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Kafin su akwai Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, wadda ta zama matuƙiyar soja ta farko a ƙasar nan a 2012. Ga maƙwabtanmu na Nijar ma, Ouma Laouali ta fara tuƙa jirgin soja tun 2015, daga baya ta je Amurka ta koyi tuƙin babban jirgin dakon kaya C-130.

Ba na raina tsoron baffan ɗalibata. Sakin 'ya mace shekara da shekaru a hannun da ba ka sani ba abu ne mai nauyi. Akwai maganar sutura, akwai ta wurin kwana, akwai jinkirin aure tunda ba a yin sa sai an gama horo, kuma aikin soja aiki ne na sai da rai. Duk uba na ƙwarai zai yi waɗannan tambayoyi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke hukunci ba a nemi amsa ba. Muna kai 'ya'yanmu karatun likita shekara 6 a garin da ba mu da kowa, muna alfahari, don mun gane matanmu na buƙatar likita mace. Matar da aka ceto daga hannun 'yan bindiga bayan wata uku a daji, ita ma wa za ta fi sakin jiki ta gaya wa abin da ya same ta? Kuma mun karanta a tarihi yadda Nusaiba 'yar Ka'ab ta tsaya da takobi ranar Uhudu tana kare Manzon Allah (SAW).

Su ma hukumomin soja da nasu laifin. Tun 2011 NDA take ɗaukar mata, amma a iya zamana a aji ban taɓa ganin an turo mana hafsa mace ta tsaya gaban ɗalibai da iyayensu ba. Da baffan nan ya ga mace Musulma cikin kaki, mai aure da 'ya'ya, ta zauna a zaurensa ta ba shi amsa da Hausa, na yi imani da maganar ta canza. Kowace jiha tana da nata kason a ɗaukar ɗalibai. Idan namu ba su nema ba, ba mu da bakin yin ƙorafi gobe.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Idan an buɗe neman gurbi, ku buga sanarwar da Hausa, da sharuɗɗan dalla-dalla, tun da sauran lokaci. Sannan ku tura wakilinku ya zanta da matan Arewa da ke cikin aikin, su faɗi daɗinsa da wuyarsa da bakinsu, in samu abin da zan riƙe a hannu idan na sake zuwa zauren wani. Bana ma ina da wata a ajin ƙarshe mai irin wancan kallon taga, kuma mahaifinta ya ce in zo mu yi magana bayan Sallah.

Wassalam.

Daga wata malamar lissafi,
Kawo, Kaduna.