A riƙa gaya wa masu kansar furostet gaskiyar kuɗin magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina aikin jinya a sashen maza, shi ya sa nake neman fili in yi magana kan dattawan da kansar furostet (wata gaɓa ce ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara) ta riga ta bazu a jikinsu, galibi har ƙashi.

A wannan mataki tushen magani shi ne a hana cutar sinadarin maza da ake kira testosteron, domin da shi take girma, kuma kusan dukkansa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. Charles Huggins na Jami'ar Chicago ne ya tabbatar da haka a 1941, ya kuma samu kyautar Nobel a 1966. Hanyar hana sinadarin biyu ce. Ko dai a yi tiyata a cire 'ya'yan marainan, ko a riƙa yin allura irin goserelin ko leuprolide duk wata ko duk wata uku. Wajen tsawon rai, bincike bai nuna ɗaya ta fi ɗaya ba. Illolinsu ma kusan guda ne: zufa da jin zafi kwatsam, raunin ƙashi, da mutuwar sha'awa.

A kuɗi ne suka rabu. Tiyatar sau ɗaya ake biya, ana iya yin ta da allurar kashe zafi kawai, sinadarin kuma ya faɗi cikin sa'o'i. Allura kuwa ba ranar gamawa. Ga kuɗinta, ga na mota, ga ɗan rakiya da ya bar sana'arsa, shekara da shekaru.

Abin da ke ci mini rai shi ne iyalin da aka nuna wa farashin allurar farko kaɗai. Su sayar da kadara, su yi zagaye biyu ko uku, hannu ya gajarta. Da an tsallake allura sinadarin zai dawo, cutar ta farfaɗo, sai a kawo mana Baba ba ya iya taka ƙafa.

Na san nauyin maganar. Sau da yawa na ji dattijo ya ce, "Gara in mutu da cikar halittata." Wannan haƙƙinsa ne, kuma wanda zai iya ɗaukar nauyin allura har ƙarshe ba laifi ya zaɓe ta. Roƙona ga likitoci shi ne tun ranar farko su zauna da majinyaci da iyalinsa, su lissafa musu kuɗin allura na shekara biyu ko uku, su ajiye shi kusa da kuɗin tiyata, kafin a tsira masa allurar farko.

Wassalam,
Wani ma'aikacin jinya