Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya Shugaba, iyayenmu na kwamitin dattawa, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, ga rahoton abin da muka yi daga Janairu zuwa Disambar 2024. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana littafin Ma'aji, duk mai son dubawa ta same ta a gida.

An yi taron wata-wata yadda aka saba, in ban da na Agusta da aka ɗage saboda zanga-zangar tsadar rayuwa.

Ba sai na tsaya faɗa wa matan Birnin Kebbi yadda kasuwa ta kasance bana ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, kuma kafin Oktoban bana ya ƙare litar fetur ta wuce naira 1,000. Iyakar Kamba da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A tsakiyar shekara hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mu kuwa a tukunya muka gani. Mai sayen buhu ta koma kwano, mai kwano ta koma gwangwani, gidaje da yawa sai maigida ya fita ya samo sannan a yi awo. Nama ya bar miya, busasshen kifi da awara suka maye gurbinsa. Masu gas sun koma gawayi da itace. Daga Mayu zuwa Yuni kuma ɗanyen tumatir ya gagara, aka koma kauɗa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shinkafa. A nan Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Najeriya a Nuwambar 2015, fadamarmu ce ke ciyar da manyan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, amma ga uwa ta tsaya gaban mai awo tana ƙirga gwangwani nawa kuɗinta zai kawo.

Saboda haka rabon azumin bana ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon Janairu, kafin shinkafar kaka ta gama barin hannun manoma, kwamitin saye ya kwashi abin da ke asusu ya nufi ƙauyukan fadama na wajen Argungu. Ba mu bi ta hannun dillali ba. Mijin ɗaya daga cikinmu, Allah Ya saka masa da alheri, ya haɗa mu da manoma kai-tsaye, aka sayi shanshera a kuɗin gona, aka ɗauko ta a mota ɗaya maimakon kowa ta biya nata kuɗin dako. Gumi kuwa matanmu suka yi da hannunsu a tsakar gidan Hajiya Shugaba: a jiƙa, a turara, a shanya, a juya, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Akwai dattijuwar da ba ta tsallake rana ko ɗaya ba duk da ciwon ƙafa, kun san ta. Da shinkafar ta bushe aka kai ƙaramin injin casa na bayan kasuwa, aka sheƙe, aka tsince, hatta karyayyar ba a bar ta ba, an ware ta don tuwo da masa. Gero da wake an saye su a Jega cikin makon, sukari da man gyaɗa kuma aka ɗauko a kuɗin sari.

A watan Fabrairu farashi ya yi tashin da kowa ya shaida, kayanmu na ɗaki a kulle. Ranar rabo, mako guda kafin a ga watan azumi, kowace mai hannun jari ta tafi da shinkafa da gero da wake da sukari da kwalbar mai a kuɗin da bai kama ƙafar na kasuwa ba a ranar. An yi awo a gaban kowa da kwano ɗaya, ba a ji ko da ƙorafi guda ba. Abin da ya yi saura aka kai wa zawarawa da gidajen marayu na unguwa, kamar yadda tsarin ƙungiya ya ce. Mata da yawa sun faɗa mini cewa da wannan shinkafar suka yi tuwon Sallah. Godiya ta musamman ga samarin da suka yi lodi da saukewa ba su karɓi ko sisi ba.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba, da dalilinsa, domin na ji maganganun da ake yi a gidajen biki.

Albasa: an yanke shawara a je Aliero a sayo lokacin da take araha, a adana. Ba a je ba. Lokacin da ya kamata a tafi, kuɗin asusu duk sun shiga kayan azumi, kuma kuɗin wata na Janairu da Fabrairu ko rabi ba su shigo ba. Kwamiti ba zai je kasuwa da alkawari ba, manomi kuɗi hannu yake so. Kun ga yadda albasa ta koma a ƙarshen shekara, har ana yanka guda ɗaya a yi miya biyu da ita. Masu cewa kwamiti ya yi sakaci su duba littafi su ga ko sunansu na cikin waɗanda suka biya a watannin.

Ɗakin ajiya: yana nan a matakin linta tun bara. Siminti ya yi tsalle a farkon shekara, kuɗin da aka ware don rufi ko kwano ba su isa ba, balle katako da kuɗin kafinta. Dattawa suka ce kada a taɓa kuɗin abinci a zuba a gini, kuma ina ganin gaskiyarsu. Har yanzu ɗakin Hajiya Shugaba muke cikawa da buhuna, ba ta taɓa cewa komai ba, amma wannan ba hujja ce ta mu ci gaba da ɗora mata ba. Maganar injin niƙa kuwa ba a ma taɓo ta ba.

Kuɗin wata shi ne tushen duk wannan. Na san ana cikin wuya, ni ma gida nake riƙe da shi kamar kowa. Akwai waɗanda suka zo suka faɗi halin da suke ciki, aka ɗaga musu ƙafa, wasu ma suna kawo kaɗan-kaɗan daga cinikin ƙosai da dambu, kuma su ne ba sa fashin taro. Waɗanda nake magana a kai su ne masu hali, wasunsu ma'aikata da albashi ke shigo musu duk wata, amma sai an bi su gida, sai an yi waya ba a ɗauka ba, sai yaro ya fito ya ce ba ta nan. Ranar rabo kuwa su ne a gaban layi. Wallahi na gaji da yawon karɓar kuɗi kamar mai bin bashi. Ni da Ma'aji ba a biyan mu, kuɗin mashin ma daga aljihunmu yake fita. Sayen haɗaka ba ya amfani sai kuɗi suna hannu lokacin kaka. Wadda ta kawo nata a Maris ta kawo shi bayan dillalai da kamfanoni sun kwashe shanshera, kuma ta sa 'yar'uwarta da ta biya kan lokaci ta sayi abinci da tsada.

Ga inda muke: ambaliya ta taɓa gonakin fadama a daminar da ta wuce, kuma abin da muka iya saya a kakar nan bai kai na bara ba. Azumi na tafe a farkon Maris ɗin 2025 in Allah Ya kai mu. Kwamiti ya yanke cewa duk wadda ake bi kuɗin wata uku ko fiye ta biya kafin taron Fabrairu, ko ta zo da kanta ta yi wa dattawa bayani. Wadda ba ta yi ɗaya daga cikin biyun ba, babu sunanta a rabon azumi. Muna kuma neman mata biyu da za su taimaka wajen karɓar kuɗi, ɗaya a cikin gari ɗaya a sababbin unguwanni, a ba da suna wurin Hajiya Shugaba kafin taron.

Allah Ya kawo mana sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka.

Sakatariya, a madadin kwamiti